Sigar -ing bayan harafi a Ingilishi: abin da sunan aiki na Hausa zai iya koya wa ɗaliban Agadas

Taƙaitawa

Wannan maƙala ta duba ƙa'ida guda ta nahawun Ingilishi, wato zuwan sigar -ing bayan harafi, da irin tuntuɓen da masu koyo a Agadas ke yi a kanta. Mun nuna cewa tushen tuntuɓen Faransanci ne, kuma Hausa, wadda ba a cika ba ta wuri a ajin Ingilishi ba, ita ce ta fi kusa da ƙa'idar. Mun kuma nuna wuraren da kusancin ya tsaya.

1. Gabatarwa

A ranar 26 ga Maris 2025 aka zartar da Kundin sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Ingilishi da Faransanci kuwa harsunan aiki. Tunda doka ta jera waɗannan harsuna uku wuri ɗaya, ya wajaba ga masu nazarin harshe su sake duba yadda suke cuɗanya a bakin mai koyo. A makarantunmu yaro yana fara Ingilishi a ajin farko na kwaleji, bayan shekaru shida na firamare waɗanda akasarinsu da Faransanci ya yi su. Idan abu ya shige masa duhu, da Faransanci malami ke yi masa bayani. Hausa kuwa sai an fita hutu.

Mun zaɓi Agadas saboda dalilai biyu. Na farko, Hausa ce harshen hulɗa a garin tun da daɗewa. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka can a Oktoba 1850 ya tarar mutanen gari na magana da wani karin harshen Songai, amma da Hausa ake ciniki. Yau wancan kari ya ɓace, Hausa ta zauna, har ɗaliban da suka tashi da Tamajak a gida suna jin ta. Na biyu, buƙatar Ingilishi a Agadas ta wuce ta jarrabawa. Maƙeran azurfa na rubuta wa masu sayen kayansu na ƙetare, gari na karɓar baƙi daga Nijeriya da Gana da Gambiya, sannan Jami'ar Agadas, da aka kafa a 2014 kuma ta fi karkata ga kimiyya da fasaha, ɗalibanta ba su da makawa sai sun karanta rubuce-rubucen Ingilishi.

Kafin mu shiga batu, ga kalmomin aikinmu. Muna cewa Ingilishi, domin a Nijar kalmar Turanci na iya nufin Faransanci. Harafi shi ne abin da nahawun Faransanci ke kira « préposition ». Aikatau tsura shi ne « infinitif ». Sunan aiki shi ne « nom verbal ». Karɓau shi ne abin da aiki ya faɗa a kansa. Tauraro a gaban jimla na nuna cewa ba ta karɓuwa. Misalan mu muka tsara su, bisa irin abin da muke gani a takardun ɗalibai. Ba mu sa alamun karin sauti da tsawon wasali ba, tunda bayaninmu bai dogara da su ba.

2. Ƙa'idar a Ingilishi

Ƙa'idar gajeriya ce: idan aikatau ya biyo bayan harafi kai tsaye, sai ya ɗauki ɗafa-ƙeyar -ing. Wannan siga ita ce nahawun gargajiya ke kira « gerund ». Huddleston da Pullum, a babban nahawunsu na 2002, sun haɗa ta da ɗaya sigar -ing ta lokaci mai ci, suka ba su suna ɗaya, don babu aikatau ko guda da ke bambanta su a furuci. Ana samun ginin a muhalli huɗu:

(1) a. harafin lokaci ko hanya: before leaving, without paying, by listening
b. aikatau da harafinsa: insist on coming, succeed in passing
c. sifa da harafinta: tired of waiting, good at drawing
d. suna da harafinsa: the idea of going, a reason for staying

Tarihi ya bayyana dalilin wannan ƙa'ida. A tsohon Ingilishi, ɗafa-ƙeyar -ung ko -ing sunaye take ƙerawa daga aikatau. Daga baya, a hankali, waɗannan sunaye suka ari halayen aikatau, suka soma ɗaukar karɓau ba tare da wata kalma a tsakani ba. Ke nan sigar -ing suna ce daga waje, aikatau daga ciki. Harafi kuwa suna yake nema a bayansa, shi ya sa ita yake karɓa. Togaciya kaɗan ce, kamar « but » da « except », waɗanda kan yarda da aikatau tsura, ko « about » a cikin « about to leave ».

3. Hanyar Faransanci

Faransanci ya bi akasin wannan. Harufansa, wato à, de, pour, sans, par da après, aikatau tsura suke ɗauka. Harafi ɗaya tak ke zuwa da sigar -ant, shi ne « en », kuma wannan haɗi shi ake kira « gérondif ». Bari mu jera harsunan uku, tare da jimlar da ɗalibi kan rubuta:

(2) a. Ya sha shayi kafin tafiya.
b. Il a bu du thé avant de partir.
c. He drank tea before leaving.
d. *He drank tea before to leave.

(3) a. Ya fita ba tare da biya ba.
b. Il est sorti sans payer.
c. He went out without paying.
d. *He went out without to pay.

(4) a. Na gode da zuwa.
b. Merci d'être venu.
c. Thank you for coming.
d. *Thank you to have come.

A kowane misali jimlar (d) kwafin jimlar (b) ce. Ɗalibi ya riga ya hardace cewa « partir » shi ne « to leave », don haka duk inda ya ga na farko sai ya aza na biyu. Jimlar (a) ba ta da hannu a cikin kuskuren. Lado, a 1957, ya ɗora wahalar mai koyo a kan bambancin harshensa na farko da harshen da yake koyo. A nan kuwa harshe na biyu ne ke katsalandan a cikin na uku, saboda shi ne harshen allo da littafi, kuma ta bakinsa aka gabatar da Ingilishi tun ranar farko.

Kamannin suna ma na ƙara ruɗani. Malami da ɗalibi duka kan ɗauka « gerund » da « gérondif » abu ɗaya ne, alhali aikinsu ya bambanta. Sigar Faransanci ba ta zama aikau ko karɓau. Bayanau ce kawai, kuma takan haɗa ma'anoni biyu da Ingilishi da Hausa suka raba:

(5) a. Ya koyi Ingilishi ta hanyar sauraren rediyo.
b. Il a appris l'anglais en écoutant la radio.
c. He learned English by listening to the radio.

(6) a. Ya faɗi yana cikin gudu.
b. Il est tombé en courant.
c. He fell while running.

Wanda ya bi ta (b) yakan fassara « en » da « in » a duka biyun. Wanda ya bi ta (a) ya riga ya san cewa « ta hanyar » dabam, « yana cikin » dabam, saura kawai a ba shi « by » da « while ».

4. Hanyar Hausa

Idan muka sake duba jimlolin (a), za mu ga cewa abin da ya biyo bayan kafin, tare da, da, da ta hanyar sunan aiki ne: tafiya, biya, zuwa, saurare. Shaidar kasancewarsu sunaye ita ce suna da jinsi kuma suna ɗaukar mallaka: tafiyarsa ta yi kyau, zuwansu ya yi amfani. Wannan shi ne ainihin matsayin sigar -ing.

Newman, a nahawunsa na 2000, ya kasa sunayen aiki gida biyu. Akwai masu rauni, waɗanda ake ƙerawa da ɗafa-ƙeyar -wa daga aikatan rukuni na 1, 4, 5, 6 da 7 a tsarin da Parsons ya fitar a 1960: kamawa, rufewa, sayarwa, dawowa, taruwa. Akwai kuma masu ƙarfi, waɗanda ba su da -wa: saye, karatu, ɗinki, ci, sha, fita. Dukansu na zuwa bayan harafi:

(7) a. bayan dawowa / après être revenu / after coming back
b. maimakon sayarwa / au lieu de vendre / instead of selling
c. kafin fita / avant de sortir / before going out

Daidaiton bai tsaya nan ba. Sigar da Hausa ke sawa bayan harafi ita take sawa a lokaci mai ci, a matsayin aikau, da kuma bayan aikatau irin su daina. Haka ma Ingilishi:

(8) a. Yana tafiya. / He is travelling. / Il voyage.
b. Tafiya tana da wuya. / Travelling is hard. / Voyager est difficile.
c. Ya daina tafiya. / He stopped travelling. / Il a cessé de voyager.

A wurare ukun nan Hausa da Ingilishi kowanne siga ɗaya ya riƙe, Faransanci ne ya sauya. Saboda haka ɗan kwalejin Agadas ba sabon ra'ayi ake koya masa ba. Yana da shi tun yana goye, sunansa ne kawai ba a taɓa gaya masa ba.

5. Matsalar « to »

Mafi taurin kai daga cikin kurakuran shi ne wanda ya shafi « to », domin kalmomi biyu ne masu kama ɗaya. Ɗaya alamar aikatau tsura ce, ɗaya kuma harafi ne na sosai, wanda ke neman -ing kamar sauran ƴan'uwansa. Ko waɗanda suka yi nisa a karatu kan rufe wasiƙa da (9c), kuma mai karɓar wasiƙar nan da nan yake lura:

(9) a. I want to see you.
b. I look forward to seeing you.
c. *I look forward to see you.

Hanyar rarrabewa ita ce gwajin suna. A cire aikatau, a sa suna a gurbinsa. Ana cewa « I look forward to the festival », ashe « to » ɗin harafi ne. Ba a cewa « I want to the festival », ashe wannan alamar aikatau ce. Gwajin na aiki a kan « object to », « be committed to », « in addition to » da makamantansu.

Ga mai jin Hausa akwai gwaji na biyu, wanda ke warware tagwayen nan da ke wahalar da ƴan ajin jarrabawa:

(10) a. Ya saba da tashi da asuba.
b. He is used to getting up at dawn.

(11) a. A da yakan tashi da asuba.
b. He used to get up at dawn.

A (10) Hausa ta sa harafin da, sannan sunan aiki, kuma ana iya musanya shi da suna zalla: ya saba da zafi, ya saba da raƙuma. A (11) babu harafi ko kaɗan, lamirin sabo ne da aikatau. Inda Hausa ta ce « saba da », Ingilishi -ing yake so. Inda ta ce « a da yakan », aikatau tsura yake so. Faransanci, da « être habitué à » da « avoir l'habitude de », aikatau tsura ya sa a duka biyun, bai ba ɗalibi abin kamawa ba.

6. Inda Hausa ba ta isa ba

Kada a ɗauka muna cewa Hausa da Ingilishi sun dace ta kowace fuska. Akwai wurare huɗu da mai bin Hausa ido rufe zai faɗa rami.

Na farko, nufi. Hausa na sa sunan aiki bayan don, Ingilishi kuwa aikatau tsura yake so idan ana faɗin dalilin da ya sa mutum ya yi wani abu:

(12) a. Ayari ya tafi Bilma don sayen gishiri.
b. La caravane est allée à Bilma pour acheter du sel.
c. The caravan went to Bilma to buy salt.
d. *The caravan went to Bilma for buying salt.

A nan harsunan biyu sun taru sun ɓad da ɗalibi: Faransanci ya ba shi « for » a madadin « pour », Hausa ta ba shi -ing. Amma « for » da -ing daidai ne a wurare biyu. Ɗaya shi ne amfanin kayan aiki: wuƙar yankan fata ita ce « a knife for cutting leather ». Ɗaya kuma sanadin lada ko hukunci: an ci shi tara saboda rashin biya, « he was fined for not paying ». A lura, a wuraren biyu Hausa ba ta cika amfani da don ba. Mahaɗin mallaka ko saboda take sawa. Wannan bambanci ma abin koyarwa ne.

Na biyu, karɓau. Sunan aiki mai ƙarfi yana haɗuwa da karɓau ta hanyar -n ko -r: sayen raƙumi, cin abinci, satar akuya. Mai fassara wannan mahaɗi zai rubuta (13b):

(13) a. kafin sayen raƙumin
b. *before buying of the camel
c. before buying the camel
d. before the buying of the camel

Ingilishin yau ya yarda da (c), inda sigar ta yi halin aikatau, ko (d), inda ta zama suna sosai da « the » a gaba da « of » a baya. Rabi da rabi ne bai yarda da shi ba. Abin koyi a nan shi ne aikatan da ke ɗaukar -wa, domin idan karɓau ya biyo -wa takan faɗi, kuma babu mahaɗi: kafin rufewa, amma kafin rufe ƙofa. Ginin « rufe ƙofa » shi ne takwaran « closing the door ».

Na uku, zaɓen harafi. Hausa na gaya wa ɗalibi sigar da zai sa, ba ta gaya masa harafin da zai gabace ta. Harafin da shi kaɗai yana tsayawa gurbin harufan Ingilishi da dama: gaji da jira « tired of waiting », gode da zuwa « thank for coming », saba da tashi « used to getting up », ci gaba da magana « go on talking ». Wani lokaci ma Hausa ba ta sa harafi:

(14) a. Mai gadi ya hana ni shiga.
b. Le gardien m'a empêché d'entrer.
c. The guard prevented me from entering.
d. *The guard prevented me to enter.

Babu wata dabara a nan sai hadda. Aikatau ko sifa, tare da harafinta za a koye ta, kamar kalma ɗaya.

Na huɗu, aikau. Idan mai aikin ya bambanta da na babbar jimla, Hausa na da hanya biyu: kafin zuwansa, ko kafin ya zo. Ingilishi ma haka: « before his coming » ko « before he came », kuma ta biyu ce aka fi ji. Amma bayan harufa irin su « on », « of » da « without » ƙaramar jimla mai lamirin lokaci ba ta shiga, dole sai -ing. « Ba tare da ya sani ba » ita ce « without his knowing » a rubutu mai nauyi, ko « without him knowing » a maganar yau da kullum. Ɗalibin da ya kwafi Hausa ko « sans qu'il le sache » zai rubuta « without he knows », wanda ba ya karɓuwa.

7. Kammalawa

Abin da muka gani ya kasu kashi biyu. Dangane da sigar aikatau bayan harafi, Hausa da Ingilishi hanya ɗaya suka bi, Faransanci ya ware. Dangane da nufi, da haɗa karɓau, da zaɓen harafi, Hausa ba ta wadatar ba. Kashi na farko shi ne ya fi yawa a rubutun ɗalibai, kuma shi ya fi saurin gyaruwa.

Saboda haka muna ba da shawarwari uku. Ɗaya, ranar da za a gabatar da wannan darasi, malami ya raba allo gida uku, ya fara da jimlar Hausa, sannan ta Ingilishi, ya bar ta Faransanci a ƙarshe a matsayin gargaɗi. Biyu, a daina fassara « gerund » da « gérondif » a cikin darussa. « Nom verbal » ko sunan aiki shi ya fi dacewa. Uku, a koya wa ɗalibai gwajin suna tun ajin da suka fara haɗuwa da « look forward to », a kuma ba su jerin aikatau da sifofi kowace da harafinta.

Wani zai ce shigo da Hausa zai rage lokacin jin Ingilishi a aji. Amsarmu ita ce, ai ana riga ana kashe wannan lokaci a kan bayani da Faransanci, wanda a wannan babi shi ke haifar da kuskuren. Wani kuma zai ce ba kowane ɗalibi ne Hausa ke harshensa na farko ba. Gaskiya ne, amma a Agadas da wuya a sami ɗan kwalejin da bai iya cewa « kafin tafiya » ba, kuma iyakar abin da darasin ke buƙata ke nan. Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai harshe biyu a Damagaram, muhawararmu ta tsaya ne a kan Hausa da Faransanci. Aikin da ke gaban sashenmu yanzu shi ne tara takardun ɗalibai aji aji, a ƙirga waɗannan gine-gine, a gwada darasin ta hanyoyin biyu, sannan a faɗaɗa kwatancen zuwa sunan aiki na Tamajak.